Bankwana da Usaini

Ko da zan manta da duk abin da na gani a aikin ofis, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shirya wa Usaini walimar bankwana ba. Zan kawo labarin daga farkonsa, bi da bi, domin ni ba na son a fara mini magana daga tsakiya. Abin da ban sani ba a lokacin, ba zan faɗe shi ba sai mun iso inda na san shi.

Ni ne sakataren wata ƙungiya ta manoman shinkafa da masunta a Haɗejia. Kafin nan akawu ne ni a ƙaramar hukuma har na yi ritaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya fayil. Na san takardar da ke shiga gaba da wadda ke bin ta, na san wanda ake kai wa magana da wanda ba a tsallakewa. A ofis ba a cika wasa da ni ba. In na shigo, kowa yakan gyara zama. (Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin girmamawa.)

Kafin a ɗauke ni aiki, ofishin ƙungiya yana can ƙasa, dab da jingar kogi. Wata damina kogi ya cika, ciyawar kachalla ta toshe masa hanya, ya juyo cikin gari. Ruwa ya shiga ofis har ya kai taga. Sunayen mambobi, iyakokin gonakin fadama, wanda ya karɓi iri da wanda bai karɓa ba, duk suka zama kunu. Bayan ruwa ya janye, an daɗe ana rigimar iyaka, domin kowa ya tuna gonarsa da faɗin da ba ta da shi.

Saboda haka ƙungiya ta yi abu biyu.

Na farko, ta nemo Injiniya Rifkatu. 'Yar wani malamin makaranta ce mutumin Filato da ya daɗe a Haɗejia. A nan aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa gudu. Ita ta kawo manyan kwamfutoci guda biyu da ake kira saba, ɗaya na riƙe da bayanan mambobi da gonaki, ɗaya na riƙe da na sito. Ta kuma haɗa su da abin da suke kira gajimare, wato kwamfutocin wani kamfani can wata ƙasa. Duk abin da aka rubuta a namu, nan take ana kwafarsa a can. In ruwa ya ci na ƙasa, sai a tayar da na sama ya ci gaba da aiki. Iyakar abin da na sani ke nan. Ɗakin kwamfutocin ban taɓa shigarsa ba, domin ba aikina ba ne. Akwai mai shigar da bayanai, ita ke da makulli, kuma a lokacin da abin nan ya faru tana gidansu a Kaugama tana wankan jego.

Na biyu, ƙungiya ta ɗauki mai kwale-kwale, wani ɗan masunta, sunansa Usaini. Aikinsa shi ne ya ɗaure kwale-kwale a bayan ofis ya zauna. In ruwa ya zo, ya kwashe mutane da kaya. Da rani yakan yi shara, ya kai saƙo, sauran lokacin kuma yana gindin darbejiya yana gyara wa mutane komar kamun kifi. Mutum ne mai shiru. Na yi shekaru da shi ban taɓa rubuta masa takardar gargaɗi ba, kuma ba kowa ke samun wannan shaida daga wurina ba.

Daga baya Allah ya hore wa ƙungiya fili a kan tudu, a hanyar zuwa garin Malam Madori, aka yi gini, muka tare. Kwamfutoci suka biyo mu a mota. Kwale-kwale ya biyo mu a kan amalanke, aka kifa shi a bayan sabon ofis, kaji suka samu inuwa.

Ana nan sai shugabanmu, Alhaji, ya tashi tafiya Umra. Daga filin jirgi ya turo mini saƙon murya a waya, wanda Injiniya ta tura masa, ya ɗora nasa a kai: "Sakatare, a aiwatar kafin in dawo."

Ga abin da ta ce, domin na saurara har na haddace:

"Alhaji, barka da asuba. Maganar nan ce da muka yi. Tunda an koma tudu kuma an yi sabon tsari, Usaini ba shi da sauran aiki. Dama saboda ambaliya aka kawo shi. Yana nan zaune ne kawai, duk abin da Hassan ya yi ya kwafa, yana jiran Hassan ya faɗi ya hau kujerarsa. Ga shi kowane wata sai an biya saboda shi. A fara cire shi, sannan Usaina, ita ma haka take. In an gama da su sai a rufe maganar. Zan shigo Alhamis ta sama in Allah ya kai mu."

Na lura da cewa ba hurumin 'yar kwangila ba ne ta ce a sallami ma'aikaci. Na lura da wannan sarai. Amma maganar shugaba tana bisa tata, kuma shugaba ya ce a aiwatar. Ban kira Alhaji ba, domin ba a damun mutumin da ya ɗaura harami da maganar ofis. Ban kira Injiniya ba, domin ba a wurinta nake karɓar umarni ba. Sai na ɗauko sabon fayil, na rubuta sunan Usaini a bayansa.

Ba a sallamar mutum sai an ji ta bakinsa. Saboda haka abin da na fara yi shi ne na aika aka kira shi. Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa.

"Usaini, kana da ɗan'uwa mai suna Hassan?"

"Yallaɓai, ai kowane Usaini da Hassan ɗinsa. Yana can ƙauye."

"Me yake yi?"

"Shi ke riƙe da sarautar ruwa ta gidanmu, tun da baba ya rasu."

Na rubuta. Kujera ta tabbata.

"An ce duk abin da ya yi sai ka yi."

Ya yi murmushi. "To ai 'yan biyu ne mu, yallaɓai. Tun muna yara riga iri ɗaya ake ɗinka mana. Ko yanzu in ya sayi hula, sai na nemi irinta, in ba haka ba inna ta dinga faɗa ke nan."

Na rubuta wannan ma. Sannan na ajiye biro na yi masa nasiha a kan hassada. Na yi ta da kyau, har da misalai. Na ce sarauta ta Allah ce, kuma bai kamata mutum ya zauna yana jiran ɗan'uwansa ya faɗi ba. Yana kallona, bakinsa a ɗan buɗe.

"Yallaɓai, wa ya ce ina jiran Hassan ya faɗi? Ciki ɗaya fa muka kwanta."

"Ba a tambayar daga ina magana ta fito. Daga sama ta zo."

(A nan kaɗai na faɗi gaskiya ba tare da na sani ba.)

Daga nan na shaida masa cewa a ƙarshen wata aikinsa ya ƙare. Can ya ce, "Laifin me na yi?"

"Babu laifi. Saboda ruwa aka ɗauke ka, kuma ruwa ba ya hawa tudu."

"Yallaɓai, da na kama aikin nan na bar wa Hassan komata da wurin da nake su. Yarana suna makaranta a nan gari. In na koma ƙauye yanzu, sai dai in zauna ina kallonsa."

Na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, na ƙara a fayil. Ya tashi, ya sa takalminsa, ya koma bayan ofis ya zauna a kan kifaffen kwale-kwalensa. Ta taga ina hango shi. Ban ji daɗi ba, amma ba a sa jin daɗi a fayil.

Saura Usaina.

Na buɗe kabad na duba fayil ɗin kowane ma'aikaci. Babu Usaina. Na duba na masu aikin wucin gadi. Babu. Na tambayi maigadi ko cikin masu kawo tallan abinci akwai mai wannan suna, ya ce babu. Na zauna na haɗa lissafin maganar: ga mace ana biya saboda ita kowane wata, ba ta da fayil, ba ta da kujera, babu wanda ya taɓa ganinta. Wanda ya yi aikin gwamnati ba sai an gaya masa sunan wannan ba. Ma'aikaciyar bogi ce.

Na nufi ofishin ma'aji, Malam Sabo. Sa'ana ne, mai son raha, kuma mun saba ba mu cika jituwa ba. Na tarar da shi yana cin gyaɗa.

"Malam Sabo, wace ce Usaina?"

"Wace Usaina?"

"Wadda ake biya kowane wata."

"Sakatare, ni Usaina ɗaya na sani, gwaggona, kuma ta rasu tun ina saurayi."

"Matattu ma na ga an biya su."

Ya ajiye gyaɗar. "Kana nufin ni na ƙirƙiro mace ina cin albashinta?"

"Ban ce ba. Bincike nake yi."

Na kunna masa saƙon ya ji. Ya sosa gemu, ya ce, "Ka kira yarinyar nan mana ka tambaye ta. Waya fa ce a hannunka, ba dutse ba."

"Umarni a fili yake. Wanda bai gane umarni ba shi ke tambaya."

"To Allah ya ba da sa'a. Amma tunda ka taɓa ɗan biyu, ka dinga zazzage takalminka da safe. Kunama ba ta karanta fayil."

Na ce masa wannan camfi ne, na fita, na buɗe fayil na biyu.

Duk da haka ni ba na yarda a kori ma'aikaci kamar an kori kaza daga shanya. Mutum ya yi wa ƙungiya shekaru, dole a sallame shi a bisa tsari. Na sa walima ranar Alhamis ɗin da Injiniya ta ce za ta zo, domin ta gani da idonta cewa a ofishin nan in an ce a yi, an yi. Aka jera benci a harabar ofis, aka shimfiɗa tabarmi. Aka soyo karfasa da tarwaɗa, aka dama zoɓo a babbar roba. Na sayi shadda mai kyau daga aljihuna aka naɗe a takarda. Na tsara yadda taro zai gudana: addu'a, jawabin sakatare, miƙa kyauta, godiya, sannan kifi.

Abin da ban tsara ba shi ne zuwan Hassan. Labari ya kai ƙauye cewa a ofis an ce ƙaninsa na neman kujerarsa. Sai ga shi a kan babur da wasu masunta a bayansa, fuska a ɗaure. Hula iri ɗaya, tsayi ɗaya, har tabon da ke gefen hanci kamar an auna. Na taso na kama hannunsa na ce, "Usaini, ka yi haƙuri, haka aiki ya gada." Ya zare hannunsa ya ce, "Ni ne wanda aka ce zai faɗi."

Na zaunar da shi a gaba.

Aka yi addu'a. Na miƙe na fara jawabi. Na yabi haƙurin Usaini, na yabi riƙon amanarsa, na ce ko allura bai taɓa ɗauka ba. Na ce rabuwa ba ƙiyayya ba ce. Usaini yana zaune kusa da ɗan'uwansa, kansa a ƙasa. Na kai wurin miƙa kyauta, na ba shi shadda, ya karɓa da hannu biyu. Daidai nan mota ta tsaya a ƙofa, Injiniya Rifkatu ta shigo da jakar kwamfuta a kafaɗa.

"Salamu alaikum. A'a, Baba Sakatare, suna ake yi ba a gaya mini ba? Wa ya haihu?"

Da na ja ta gefe na yi magana a hankali, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina tsakiyar jawabi, muryata a sama take, kuma ina jin daɗin kaina.

"Injiniya, kin zo a kan gaɓa. Saƙonki ya iso kuma an aiwatar. Na farko, ga Usaini nan, an cire shi daga ƙarshen watan nan. Na biyu, Usaina. Na bincika, babu ita kwata-kwata, kuma na buɗe fayil a kan ofishin ma'aji."

Ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi Usaini da shadda a cinya, ta dubi wanda ke kusa da shi mai irin fuskarsa, ta dubi kifi.

"Baba, wane Usaini?"

Na nuna shi da hannu.

Ta sauke jakar a hankali kamar mai tsoron ta fashe. Ta matso kusa da ni ta rage murya. "Baba, mu ɗan shiga ciki."

Malam Sabo ya ɗaga murya daga benci. "A'a, Injiniya, a nan za ki faɗa. A nan aka kira sunan ofishina."

Ta ja numfashi. Ta ce lokacin da ta kafa kwamfutocin nan, dattawan kwamiti sun kasa riƙe sunayensu na Turanci, kullum sai an sake bayani. Sai ta ce musu su ɗauka 'yan biyu ne. Saba ta mambobi da ke ɗakin can ita ce Hassan, kwafinta da ke gajimare shi ne Usaini. Saba ta sito Hassana, kwafinta Usaina. Da haka Alhaji ya san su, da haka mai shigar da bayanai ta san su. Yanzu da aka bar bakin kogi, kuma ta haɗa wa ƙungiya wata hanyar ajiya mai sauƙi, babu dalilin ci gaba da biyan kamfanin can. Abin da ta zo yi yau ke nan, ta cire kwafin biyu ta rufe wurin.

Ba wanda ya yi motsi. Ana jin ƙudaje a kan robar zoɓo.

Hassan ne ya fara magana. "Malama, to wane Hassan ne zai faɗi?"

"Na cikin ɗakin can, Baba. Mai waya a baya."

Wani cikin masunta ya ƙyalƙyale. Daga nan babu wanda ya iya riƙewa. Maigadi ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Malam Sabo ya cire hula yana share hawaye da ita, yana cewa, "Gwaggo, Allah ya jiƙanki, ashe kina gajimare kina karɓar albashi!" Hassan kansa, da ya zo faɗa, ya riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye da takardar jawabi a hannu, idona a kan layin da ke cewa saura godiya, sannan kifi. (Na yi tunanin in ce an ɗage taro. Sai na ga babu wanda zai ji ni.)

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Usaini ya jira hayaniya ta lafa, ya ce, "To yallaɓai, ina da aiki ko ba ni da shi?"

Na buɗe baki zan ce yana da shi, Malam Sabo ya riga ni. Dariyarsa ta tsaya, kuma na san bai manta da fayil na biyu ba.

"Tsaya tukuna. Ai Sakatare ya tuna mana abin da muka manta. Shi da bakinsa ya ce ruwa ba ya hawa tudu. To me mai kwale-kwale yake yi a nan? A bari Alhaji ya dawo, kwamiti ya duba."

Wasu suka gyaɗa kai. A nan kunyar ta canza kama. Kafin in buɗe fayil, babu wanda ya taɓa tambayar aikin Usaini. Yana zaune lafiya a gindin darbejiya. Ni na ɗauko shi na ajiye a gaban mutane, na kuma ba su hujja da bakina.

Aka ci kifi. Ba a yi godiya ba.

Da mutane suka watse, Injiniya ta ce, "Baba, zo ka ga yadda ake cire na gaskiyar." Ina jin tausayina ta ji. Ta karɓo makulli na biyu daga wurin maigadi, na shiga ɗakin da ban taɓa shiga ba. Ga akwatuna biyu baƙaƙe suna gurnani, kowanne da farar takarda manne a goshi, an rubuta da alƙalami mai kauri: HASSAN, HASSANA. Da na taɓa leƙa ɗakin nan ko sau ɗaya, da ban sayi shadda ba.

Ta buɗe kwamfutarta, na ja kujera. Zan faɗi gaskiya, aikinta ya burge ni, domin yana da gaba yana da baya. Ba ta taɓa Usaini ba tukuna. Sai da ta fara buɗe sabuwar ma'ajiyar, ta ce in faɗi sunan kowane mamba da na ga dama. Na faɗi na wani tsoho mai gona a bakin kogi, ta nemo shi, ga shi nan da iyakokinsa. Na faɗi wani, ya fito. Ta ce, "Ba a cire na tsaro sai an gwada wanda zai maye gurbinsa an ga ya tsaya da ƙafarsa. In ka cire kafin nan, ranar da abu ya faru ba ka da kowa."

Sannan ta tsayar da kwafar, wato ta yanke igiyar da ke tsakanin Hassan da Usaini. Sannan ta danna a cire Usaini. Sai na'ura ta fito da wani rubutu, ta ƙi ci gaba.

"Me ta ce?"

"Tambayata take yi, wai na tabbata? Kuma sai na rubuta sunan wanda nake nufi da hannuna, don kada in cire wani in ce wani."

Ta rubuta, Usaini ya ɓace daga allo. Ta yi wa Usaina haka. Ta goge 'yar manhajar da ke cikin Hassan da Hassana mai aika kwafi, don kada su ci gaba da aika saƙo gidan da babu kowa. A ƙarshe ta rufe rumbun gaba ɗaya. Ta ce ko ta so ta fara da rufewa, kamfanin ba zai bari ba, muddin akwai wanda ya rage a ciki. Babu kifi, babu jawabi, kuma babu wanda ya yi kuka.

Alhaji ya dawo da dabino da zamzam. Tun a mota aka ba shi labari, saboda haka da ya gan ni bai iya amsa gaisuwata ba sai da ya zauna. Da kwamiti ya haɗu, Malam Sabo ya kawo maganar Usaini. Na nemi izini na miƙe. Ban saba roƙo ba, don haka na jera abin kamar yadda na iya.

Na ce ofis ne ya koma tudu, gonakin mambobi ba su koma ba. Na ce sabon ginin nan bai ga damina ko ɗaya ba, babu wanda ya san ta inda ruwa zai ɓullo masa. Na ce Injiniya da kanta ba ta cire na gajimare ba sai da ta gwada wanda zai maye gurbinsa, to a nuna mini wanda zai maye gurbin kwale-kwale mu gwada shi. Na ce kuma, tunda ni na buɗe fayil ɗin a kan kuskure, ni ya kamata in rufe shi. Daga nan na juya na ba Malam Sabo haƙuri a gaban kowa, shi da gwaggonsa.

Malam Sabo ya ce, "Alhaji, a rubuta ranar nan. Sakatare ya ba da haƙuri."

Alhaji ya ce a bar Usaini a ga bayan damina.

Daminar ta zo, ruwa bai hau tudu ba, amma ya yanke hanyar ƙauyukan fadama kamar yadda ya saba. Aka rasa yadda za a kai wa mambobi taki da saƙo. Aka tayar da kaji, aka juya kwale-kwale, aka liƙe inda ya tsage. Tun daga lokacin ba a sake kawo maganar a kwamiti ba.

Wata rana aka tura ni ƙauyen su Usaini in ɗauko sa hannun mambobi. Na zauna a tsakiyar kwale-kwale, fayil a kan cinya, ruwa ta ko'ina, kan dawa kaɗai ke leƙowa. Ban iya iyo ba, kuma Usaini ya sani. Yana ta tuƙi har muka kai inda ruwa ya fi zurfi. Sai ya tsayar da filafili.

"Yallaɓai, a nan zan cire ka, ko sai mun ƙarasa?"

Na riƙe gefen kwale-kwale da hannu biyu na ce sai mun ƙarasa. Ya yi dariyar da bai yi ba ranar walima. A bakin gaɓa Hassan na jiranmu, sanye da riga irin ta ƙaninsa sak. Shaddata ce. Ba a dawo mini da ita ba, kuma ban tambaya ba.

Har yau in na ratsa kasuwar kifi, sai wani ya ɗaga murya, "Sakatare, an ga Usaina?" Nakan ce ana kan bincike, in wuce.

Tsarina yana nan yadda yake, na farko kafin na biyu, na biyu kafin na uku. Abu ɗaya na ƙara a gaban na farko, wanda na koya daga na'urar da ba ta taɓa yin aikin akawu ba: in an ce mini a cire wane, nakan tambaya, wane wane? Takalmi kuma ina zazzage shi kowace safiya. Ban yarda da camfi ba, amma shi ma na sa shi a tsari.